Intanet mai ɗaukewa: Kada a bar jaki a doki taiki

A wannan makon zan ɗan jingine batutuwan da muka saba tattaunawa a wannan fili, in ba ku labarin wasu raguna biyu da suka tsallake rijiya da baya, da ɗan littafin rubutu na 'yan firamare da ya cece su. Labarin na gidanmu ne, amma na tabbata da yawa daga cikinku, musamman ɗalibai da malaman da iyayensu ke karkara, za su ga gidajensu a ciki.

A hutun da ya gabata, ana tsakiyar damina, na je gida, wani ƙauye a ƙasar Ɗambatta da ke arewacin Jihar Kano. Na tarar gidan ba daɗi. 'Yar yayana, wadda ta kammala digirin farko, ta nemi tallafin karatu don yin digiri na biyu, ta haye matakin tantance takardu, har an sa mata ranar ganawa da masu bayar da tallafin ta hoton bidiyo a intanet. Saura kwana goma. Kwamfutarta ta tafi-da-gidanka, wadda aka saya mata ta hannu shekara uku da suka wuce, tana kama intanet lafiya lau, sai ana tsakiyar aiki ya ɗauke. Wani lokaci ya dawo da kansa bayan minti ɗaya, wani lokaci sai an kashe an kunna. Sau biyu tana cike fom, ta kai shafin ƙarshe, ya ɗauke, ta koma farko. Ta ce mini, "Baffa, idan ya yi mini haka ranar ganawar, shi ke nan, wani za su ɗauka."

Sau biyu aka kai kwamfutar wurin mai gyara a birni. Karon farko ta wuni a shagonsa ba ta ɗauke ko sau ɗaya ba, ya ce lafiyarta ƙalau. Karo na biyu ya ce ta tsufa, a nemi wata. Yayana manomi ne, bankinsa a turke yake ɗaure. Ya yanke shawarar ranar Lahadi zai kai ragunansa biyu kasuwar Ɗambatta, Litinin ya shiga Kano, titin Beirut, ya sayo mata wata. Ragunan kuwa su ne ya tanada don sallamar 'yan ƙwadagon girbi. Na ce masa, "Yaya, ka ba ni kwana uku." Ya dube ni ya ce, "Kai da alli da allo na san ka. Yaushe ka zama bakanike?" Na ce ni ba injiniya ba ne, amma a shekarar 2020, da annobar korona ta rufe makarantu, tarurrukanmu suka koma intanet, na sha irin wannan wahala har na tsinci wani abu a cikinta.

Abin da na tsinta shi ne, matsalar da ke zuwa tana tafiya ta fi wadda ta zo ta zauna wuyar sha'ani. Idan kwamfuta ta mutu murus, kowane mai gyara zai gane. Wadda ke ɗaukewa jifa-jifa kuwa tamkar zazzaɓin nan ne da ke sauka da zarar an isa gaban likita. Mai gyaran bai yi ƙarya ba da ya ce bai ga komai ba. Kuskurensa ɗaya ne: da ya kasa gano cutar, sai ya yanke wa majinyacin hukunci. Irin wannan matsala a inda take aukuwa ake gano ta, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kayan aikin kuma biyu ne, kowa na da su: ka raba hanyar kashi-kashi, sannan ka riƙa rubutawa.

Mu a bakinmu komai "sabis" ne. Waya ta ƙi shiga, babu sabis. Kuɗi sun maƙale a wurin mai POS, babu sabis. Shafi ya ƙi buɗewa, babu sabis. Wannan kalma ɗaya ta haɗe abubuwa mabambanta, shi ya sa muke rasa wanda za mu tuhuma. Fataken da suka riƙa tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro zango-zango suke tafiya, kuma idan ayari ya yi jinkiri, tambayar farko ita ce a wane zango ya tsaya. Saƙon da ke fita daga kwamfutarka ma zango uku yake yi.

Zangon farko daga kwamfuta ne zuwa ɗan akwatin nan da ake sa wa layin waya, wanda ake kira rauta ko maifai, ko kuma zuwa wayar hannu idan ita aka kunna wa hosfot. Wannan shi ne waifai, kuma tafiyarsa 'yan taku ce, daga ɗaki zuwa ɗaki. Zango na biyu daga akwatin ne zuwa ƙarfen sabis, tafiyar kilomita ɗaya ko biyar ko fiye, a kan 4G ko 3G. Na uku daga ƙarfen ne zuwa duniya, ko dai ta faifan da ke maƙale a jikinsa yana kallon wani ƙarfen, ko ta wayar faiba da aka binne a gefen titi, zuwa Kano, zuwa Legas, har zuwa manyan wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku. 'Yar alamar nan mai kama da mafici da ke ƙasan allon kwamfuta labarin zangon farko take bayarwa. Tana iya cika fal alhali ƙarfen sabis ya mutu tun ɗazu.

Na aiki yaro ya sayo littafin rubutu, muka tsaga shafi gida shida: lokacin da intanet ya ɗauke, tsawon ɗaukewar, ko kwamfutar na jone da caji ko a kan batir take, ko alamar maficin ta ɓace ko tana nan, ko wayar da muka jona a akwatin ita ma ta rasa intanet, sai yanayin gari, rana ce ko hadari ko ruwa. Gida na biyar shi ya fi sauran muhimmanci. Idan kwamfuta ta rasa intanet amma wayar da ke shan ruwa a rijiya ɗaya da ita tana aiki, to laifin yana jikin kwamfutar ko tsakaninta da akwatin. Idan dukkansu suka rasa, kwamfutar ta fita daga zargi.

Akwai kuma wani gwaji da ba ya cin ko sisi. A kwamfuta mai Windows, ka rubuta cmd a wurin bincike, wani baƙin allo zai buɗe. Rubuta ipconfig a ciki. A bayanan da za su fito akwai layin da aka rubuta Default Gateway. Lambar da ke gabansa ita ce adireshin akwatinka, galibi 192.168.8.1 ko 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Sai ka rubuta ping, ka ba da tazara, ka rubuta wannan lambar, ka ba da tazara, ka rubuta -t. Ka buɗe baƙin allo na biyu ka yi haka nan da lambar 8.8.8.8, wadda wata na'urar kamfanin Google ce da ke can nesa. Wannan umarni sallama ce: kowace daƙiƙa kwamfutarka na yi wa akwatin sallama, tana yi wa na nesa sallama, tana rubuta ko an amsa. Ka bar alluna biyun a buɗe ka ci gaba da aikinka. Da zarar intanet ya ɗauke, ka duba su. Idan duka biyun sun daina amsawa, ayarin a zangon farko ya tsaya. Idan akwatin na amsawa amma na nesa ya yi shiru, matsalar ta zango na biyu ce ko na uku. Idan kuwa duka suna amsawa amma shafuka sun ƙi buɗewa, to abin da ke fassara sunayen shafuka zuwa lambobi ne ya sami tangarɗa, ko kuma shafin da kake nema ne da kansa ya cushe, kamar yadda ɗalibai suka sha gani a ranakun rufe rajista.

Bayan kwana uku muka ƙirga. Intanet ya ɗauke sau 26. Da muka jera su, sai ga shi cutar da muke nema ashe uku ce, kowacce da lokacinta da kamanninta.

Kashi na farko, sau 11, kwamfutar kaɗai ke rasa intanet, waya na aiki, alamar maficin ta ɓace, kuma kowane karo a kan batir take. Dalilin shi ne, an tsara kwamfutocin tafi-da-gidanka su riƙa tattalin wuta idan aka cire caji, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin tattalin shi ne rage wa ɗan sashen da ke kama waifai ƙarfi, ko ma sa shi barci. Dabara ce mai amfani ga wanda ke cire caji na sa'a ɗaya a jirgi ko a ɗakin taro. A ƙauyen da wutar lantarki ke zuwa kamar baƙo, zaman kan batir shi ne zaman yau da kullum, don haka tattalin da aka yi don wani ɗan lokaci ya zama halin kwamfutar na dindindin. Nan ne kuma na gane dalilin da ya sa ta ƙi nuna halinta a shagon mai gyara: yana karɓarta yake jona ta da wuta. Gyaran bai ɗauki minti biyar ba. A wurin tsara amfani da wuta, wanda sunansa a allo Power Options, akwai sashen na'urar waifai. Muka mayar da shi kan cikakken ƙarfi ko da a kan batir. Sannan a Device Manager, a ƙarƙashin sunan na'urar waifai, muka cire alamar da ke ba kwamfuta izinin kashe ta don tattalin wuta. Batir zai ɗan rage daɗewa, amma tun daga ranar wannan kashi bai sake aukuwa ba. Mai amfani da hosfot na waya ya duba makamancin haka a wayarsa, domin yawancinsu suna kashe hosfot da kansu idan suka ga babu abin da ke jone na wasu mintuna. Haka nan waifai na gigahaz 2.4 hanya ɗaya yake bi da Bluetooth, don haka idan ana jin sauti ta abin kunne marar waya, a gwada kashe shi a gani.

Kashi na biyu, sau 8, ya shafi akwatin kansa da inda aka ajiye shi. Na tarar da shi a ɗakin Yaya, a kan wata 'yar kanta da ke dab da rufin kwano, jone da caji dare da rana duk lokacin da aka samu wuta. Tsakanin azahar da la'asar yakan yi zafin da ba ka iya riƙe shi, sai ya kashe kansa ya sake tashi, kwamfuta da waya duk su rasa shi na minti biyu ko uku. Da muka buɗe bayansa muka ga batirin ya kumbura. Ina jan hankalin masu karatu a nan: kumburarren batir ba abin wasa ba ne, yana iya kamawa da wuta, a cire shi a sake wani. Wannan shi ne kaɗai abin da muka kashe wa kuɗi.

Bayan zafi, wurin ma bai dace ba. Tsakanin ɗakin Yaya da ɗakin da yarinyar ke karatu akwai katangar ƙasa biyu masu kauri, ga randar ruwa a jingine da ɗaya. Ruwa na shanye igiyar rediyo irin ta waifai, kuma katangar ƙasa a watan Agusta cike take da danshi. Rufin kwano kuma yana mayar da igiyar baya kamar yadda madubi ke mayar da haske, don haka saƙon da ke zuwa daga ƙarfen sabis sai ya nemi taga ko ƙofa. Iyayenmu da ke juya rediyo gabas da yamma suna ɗaga eriya don kamo Kaduna ko Landan sun san wannan ilimi tun kafin a haife mu. Bambancin kawai shi ne akwatin yana da lambar da zai faɗa maka gaskiya. Idan ka rubuta adireshinsa a manhajar buɗe shafuka ka shiga, yawancinsu suna nuna wani ma'auni mai suna RSRP. Lambar da alamar ɗebewa take zuwa, kuma gwargwadon kusancinta da sifili, gwargwadon ƙarfin saƙon: wajen -80 ƙarfi ne sosai, -100 ya fara rauni, -110 zuwa ƙasa kuwa bakin gaɓa ne. A ɗakin Yaya muka ga -113. Muka riƙa zagaya gidan da akwatin a hannu, yara na bin mu suna dariya, har muka samu -97 a saman tagar zaure da ke fuskantar titi. Tazarar 16 ba ta da yawa a ido, amma a wannan ma'auni kowane 10 ninki goma ne, don haka saƙon ya ƙaru da kusan ninki arba'in. Muka buga ƙusa a inuwa muka rataye shi, yarinyar ta dawo da teburinta zaure.

Abu biyu na ƙara lura da su a wannan zango. Na ɗaya, idan saƙon 4G ya yi rauni, akwatin yakan riƙa tsalle tsakanin 4G da 3G, kuma a tsallen nan ne haɗin kan yanke. Bayan mun samu wuri mai kyau sai muka ɗaure shi a kan 4G kaɗai. Na biyu, mutanen gidan sun ce da rani abin bai kai haka ba, kuma gaskiyarsu ne, domin ɗanyen ganye ma yana rage ƙarfin saƙon. Tsakanin gidanmu da ƙarfen akwai mangwaro da darbejiya da ɗorawa, duk sun yi luf, ga dawa ta fara wuce tsayin mutum. Gawo ne kaɗai ba shi da hannu a ciki, tunda shi da damina yake zubar da ganyensa. Wanda zai sayi akwati don ƙauye ya tambaya ko yana kama megahaz 700 da 800, domin waɗannan sun fi 1800 da 2600 nisan zango da ratsa bango da itatuwa.

Saura kashi na uku, sau 7. A nan kwamfuta na tare da akwati lafiya, sallama ta farko ana amsawa, ta biyu shiru. Sau uku akwatin ya nuna babu saƙo kwata-kwata, wayoyin maƙwabta masu layi irin namu su ma suka mutu, mai POS na bakin titi ya naɗe hannu. Ƙarfen ne ya ɗauke. Ƙarafan sabis a ƙasar nan da janareta mai shan dizal da batura da sola suke rayuwa, saboda wutar gwamnati ba abin dogaro ba ce. Idan man ya ƙare, ko baturan suka gaji, ko aka sace su, ƙarfen sai ya yi shiru. Ɗaya daga cikin ukun ya zo daidai da ruwa kamar da bakin ƙwarya, kuma an san ruwa mai ƙarfi yana raunana saƙon da faifan wani ƙarfe ke aika wa wani. Sauran huɗun kuwa bayan isha'i ne, saƙo na nan da ƙarfinsa amma babu abin da ke wucewa. Wannan cunkoso ne. Ƙarfe ɗaya yana da iyakar abin da zai iya ɗauka, kuma da dare, bayan an dawo daga gona an ci tuwo, kowa ya ɗauki waya.

Daga nan maganar ta fita daga hannun mai kwamfuta, kuma nan ne dalilin da ya sa na kawo ta wannan shafi. Uzurin da aka saba bayarwa game da karkara shi ne mutane ƙalilan ne, a warwatse suke, kafa ƙarfe ba ya biyan kuɗinsa. Wannan uzuri bai hau kanmu ba. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, daga baya a Jami'ar Bayero, ya shafe shekaru yana nazarin karkarar da ke kewaye da Kano, kuma abin da ya ja hankalinsa shi ne yawan jama'arta: gona na manne da gona, ƙauye na hango ƙauye, ana noma ƙasa kowace shekara ba hutu. Wanda ya bi hanya daga Kano zuwa Ɗambatta da Makoɗa, ko zuwa Bichi da Kunchi, ya san haka da idonsa. Abin da ke damunmu da dare yawan masu saye ne. Ɗan kasuwar da shagonsa ke cika har wasu su koma ba su sami kaya ba, ƙara shago yake yi.

Sai maganar yadda ake ƙirga ci gaba. Tsarin Faɗaɗa Intanet na Ƙasa na 2020 zuwa 2025, wanda aka ƙaddamar a zamanin da Isa Ali Pantami ke ministan sadarwa, ya yi alƙawarin saƙo mai sauri ya kai ga kashi 90 cikin 100 na jama'a, da gudun da bai gaza megabit 10 a daƙiƙa ba a karkara. A bisa taswira, ƙauyenmu yana cikin waɗanda aka kai wa. Taswira ba ta san cewa da ƙarfe tara na dare shafi ɗaya ba ya buɗewa ba. A shekarar 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanoni su riƙa sanar da jama'a manyan katsewar sabis, su kuma biya diyya idan katsewar ta wuce sa'a 24. Mataki ne mai kyau. Amma katsewar minti goma da ke zuwa sau da yawa a mako ba ta kai wannan mizani ba, alhali ita ce ke lalata fom, ta yanke ganawa, ta maƙale kuɗi a hanya. Ranar 14 ga Maris, 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, duniya ta ji labari. Abin da birni ya ɗanɗana a waɗannan 'yan kwanaki shi ne abincin karkara na kullum, sai dai kaɗan-kaɗan ake ba ta, don haka babu mai ɗaukar labarin.

Za a ce da babu gara ba daɗi, kuma wanda ya tuna yadda muke kafin zuwan wayar salula a 2001 ba zai musa ba. Da intanet abin nishaɗi ne kawai, da na yarda mu yi haƙuri. Amma tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Lamunin karatu na NELFUND da aka buɗe a 2024 ta intanet ake nemansa. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya tura har tsofaffin ƙauye ga tiransifa. Hukuma ta rufe ƙofofin da, ta ce kowa ya bi ta wannan. Ashe kuwa wajibi ne ƙofar ta riƙa buɗuwa. Kuma tun da aka amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, ɗan ƙauye da ɗan birni farashi ɗaya suke biya.

Adalci ne a faɗi cewa kamfanonin ma suna da nasu kukan: tsadar dizal, ɓarayin batura, da masu aikin titi da ke tsinke wayar faiba da katafila. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta sanya kayayyakin sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa. A 2020 gwamnoni sun amince a riƙa karɓar Naira 145 kan kowace mita ta wayar faiba da za a binne, kodayake ba kowace jiha ce ta cika ba. Akwai kuma asusun USPF da Dokar Sadarwa ta 2003 ta kafa don kai sadarwa inda riba ba ta kai kamfanoni. Kayan aikin suna nan a takarda. Mu ma muna da namu rabon, domin ɓarawon batirin ƙarfe ba daga sama yake faɗowa ba. Da dagatai da masu unguwanni za su ɗauki ƙarfen sabis kamar rijiyar gari, da an rage. Masu cewa a koma Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, su tuna kuɗin kayansa da na wata-wata sun fi ƙarfin gidan manomi, sai dai ko makaranta ko ƙungiya ta haɗa hannu.

Shawarata ga ɗalibai ita ce, littafin nan da ya yi mana aiki a gida zai yi aiki a waje. Wanda ya kira kamfani ya ce "sabis ba kyau" zai ji an ce ya kashe waya ya kunna. Wanda ya ce a unguwa kaza, daga ranar kaza zuwa ranar kaza, saƙo ya ɓace sau kaza, ga lokutan, ya kawo hujja. A fara kai ƙorafi ga kamfanin, a karɓi lambar ƙorafin, idan ba a yi komai ba a kira 622, layin NCC na kyauta. Da ƙungiyoyin ɗalibai na ƙananan hukumominmu za su raba irin wannan littafi ga mutum goma a ƙauyuka goma na wata ɗaya, su haɗa sakamakon su kai wa hukumar da ɗan majalisarsu, da sun yi aikin da ya fi taron cin shinkafa na shekara amfani.

Ranar ganawar ta faɗo Talata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe, kuma littafinmu ya nuna hantsi ne lokacin da ƙarfen ya fi natsuwa. Duk da haka muka yi tanadi. Muka cika kwamfuta da akwati da caji tun dare, muka roƙi mutanen gida kowa ya sauka daga waifai, muka ajiye waya mai layin wani kamfani dabam da hosfot a kunne, muka kuma riga muka haɗa kwamfutar da ita sau ɗaya don ta san ta. Ɗan acaɓa na jira a ƙofar gida ko da za a ruga cikin Ɗambatta. Ana minti na ashirin hoton ya daskare. Ina waje ina leƙe ta taga, na ga ta kalli baƙin allon, ta ga akwati na amsawa na nesa ya yi shiru, ta koma kan wayar ba tare da ta kira kowa ba. Ba a yi minti ɗaya ba ta dawo, ta ba su haƙuri, aka ci gaba.

Har zuwa rubuta wannan, sakamakon bai fito ba, yana hannun Allah. Kwamfutar tana nan tana aiki, ragunan suna turke suna jiran girbi. Da zan taho Yaya ya rako ni bakin titi, ya ce, "Ashe da na sayar da su, sabuwar ma haka za ta yi." Na ce ƙwarai, Yaya, a ƙalla kashi biyu cikin ukun nan da sun bi ta har gida. Littafin kuwa yarinyar ta ce ba za ta rufe shi ba sai ta cika wata guda, sannan ta kira 622.

Allah Ya ba 'ya'yanmu sa'a, Ya sa mu ga damina lafiya. Sai mako mai zuwa, idan Mai Duka Ya kai mu.